Naira Ɗayan Hajiya Sharifa

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Na Hajiya Sharifa ne ya hana ni sakat.

"Kwanta, tsohuwa!"

Ba ta kwanta ba. Juma'a ce, mazan Angwan Iya duk suna masallaci, ɓarayi biyu suka diro ta katanga — Sale da bindiga, Wilson da buhu. An tsegunta musu cewa marigayi mijinta, tsohon kashiyan banki, ya bar akwati maƙil da kuɗi.

Wilson ya ɓalle kwadon akwatin. Kundaye ne, kowace takarda cikin ledarta: fam, sule goma, tsohuwar naira.

"Oga, ai kuɗin nan sun mutu!"

"Kai ne mushe," in ji Hajiya. "Cire ƙazamin hannunka, lanƙwasa ɗaya ke karya musu daraja."

Sale ya ɗora mata bindiga a goshi. "Wacce ta fi tsada? Maza!"

Shekara arba'in Alhaji mijinta ya yi yana tara su. Fam biyar ɗin shafin farko ita ce masu saye ke zuwa roƙo tun daga Legas. Ta tsallake ta. Daga shafin ƙarshe ta zaro wata jar naira ɗaya, duk ta koɗe. Hawaye ya zubo mata.

"Wannan kuɗin gida ce a Abuja. Sauran shara. Adebayo na Tudun Ƙofa kaɗai ke saye."

Hawayen ne ya ci su. Suka fizge, suka bar akwatin, suka haye babur.

A hanyar Panda Wilson ya ce, "Oga, kawo in riƙe."

"Riƙe bakinka!"

Kokawa ta kaure, bindiga ta tashi — tau! Sale ya kife cikin gonar rogo, bai ƙara motsi ba.

Da safe Wilson ya shiga shagon Adebayo. Hajiya ta riga shi da waya, 'yan sanda na laɓe a ciki. Adebayo ya ɗaga takardar, ya yi dariya.

"Ɗana, wannan ko ruwan leda ba za ta saya ba."

Ankwa ta ce ƙaras!

Sufeto Keziya ce ta maido wa Hajiya nairarta, jini ya bushe a gefe. "Mama, kin iya! Banza kika ba su."

"Banza? Ita ce toshin farko da Alhaji ya ba ni." Ta mayar da ita leda, da jinin da komai. "Ɗaya a kabari, ɗaya a kurkuku. Ni na kira su?"

Ni kuwa, kafin a tambaya 'yar wa ce ke laɓe a zaure da biro, na ɗauki takalmana a hannu na sulale.