Ɗiyar Baƙin Dutsi

Ni Haliru na 'Yandoto, ku tambaya, ba a yi wanda ya san doki kamata ba. Ko haniniya na ji daga bayan katanga, sai in gaya maka launinsa da irin abin da ya karya da shi.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba abin ga ya faru. Maijidda matata ta rasu, yara sun watse birni. Gidan ya rage daga ni sai goɗiyata Gunya. Da ita nake hira, kuma ba ta taɓa cewa ƙarya nake ba.

Tsufa ya fara kama ta, ba ta taɓa haihuwa ba. Sai na ja ta har Bungudu, wurin ingarman Alhaji Shu'aibu, dokin da ɗiyansa ke cinye sukuwa har Sakkwato. Ina son duƙushi ko ɗaya, mu zama uku.

Lukuman, mai kula da bargar, ya buɗe bakinta ya dubi haƙora.

"Baba, ingarman ga ba ya hawan goɗiyar da ba ta da asali. Ɗiyar wa ce?"

Ubanta dokin wani mai gishiri ne, jaki ma ya fi shi sauri. Amma ga mutane sun taru.

"Ɗiyar Baƙin Dutsi ce!" in ji ni. "Wanda ke tsere da iska, ya tsaya ya jira ta."

Nan take na ƙago sunan. Suka yi ta dariya, suka sallame ni da goro ɗaya.

Muka juyo. Na kwana Gusau, kashegari na kama hanyar Tsafe. Na bar titi na bi burtali, don motoci na firgita ta. Rana ta yi ja, ga duwatsu a hagu, ba gida ba gona.

Gunya ta toge.

Kwaɗin fadama suka yi tsit. Ƙudan da suka biyo mu tun Gusau, ko ɗaya babu. Sai wani wari, kamar an buɗe tsohuwar rijiya.

Wani dogon mutum na tsaye gindin tsamiya, rawani ya rufe masa baki. Bayansa ga doki akawal, baƙi wuluk. Na yi sallama. Bai amsa ba.

"Haliru," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Kai ka ce ɗiyar Baƙin Dutsi ce?"

"Raha ce, Malam. Ni mai barkwanci ne."

"Gaban shaidu ka faɗa. Ga shi nan. Ya zo ɗaukar ɗiyarsa."

Dokin ya tako. Kan tsakuwa yake tafiya, kofato ba ƙara. Na dubi cikinsa, ba ya numfashi.

Gunya ta yi wata 'yar haniniya, irin ta duƙushi in ya hango uwa. Tunda nake da ita ban taɓa jin wannan ba.

Ta ja. Na naɗe igiyar ragama a hannu.

"Ɗiyar dokin mai gishiri ce!" na kwarma. "Wallahi mai gishiri!"

"Ka riga ka ba ta uba."

Igiya na cin tafina. Ina jin jini na bin gwiwar hannu.

Hancin dokin ya taɓa wuyana. Sanyi kamar randa.

Na nemi Ayatul Kursiyyu, ta ɓace mini. A'uzu kaɗai ta fito, na yi ta maimaitawa.

Can nesa wani ladani ya ɗaga murya.

Sai ba mutum ba baƙin doki, tsamiya kawai na gani.

Yadda muka iso gida, kar ku tambaye ni. In kun ji ana cewa na yi fitsari a wando, raɓa ce.

Na dawo da Gunya, amma ta bar cin dusa a hannuna. In na yi mata hira sai ta juya mini baya. Kullum magariba ta fuskanci duwatsun nan ta yi haniniya, ta kasa kunne. Wata safiya na fito, ba Gunya, ga igiya ɗaure a turke, ga ragama a ƙasa, ƙullinta bai kwance ba.

Har yau nakan zuba harawa a turken da yamma, in zauna in ba da labarina. Da safe ba ko tsinke. Mutane sun ce awaki ne.

Ni ba ni da akuya. Kuma da hannuna nake kulle ƙofar.