Minti Goma a Kan Benci

Rana ta take tsaka lokacin da layi ya kawo Auta bakin ƙofar kanti. Tun daga titi aka zana da'irori da farin fenti saboda annoba, kowa ya tsaya cikin tasa, ba mai matsawa sai na gabansa ya matsa. Ita kuwa Auta tsayuwa wuri ɗaya ba halinta ba ne. Ta sauya ƙafa ya fi a ƙirga, ta gyara takunkumi, ta karanta takardar cefanen da Mama ta rubuta har ta haddace.

Saurayin da ke tsaron ƙofa ya ɗaga na'urar awon zafi mai kama da bindiga ya saita goshinta. Na'urar ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ki yi haƙuri 'yar'uwa, jikinki ya ɗan yi zafi. Ga benci can a inuwa, ki zauna minti goma a sake gwadawa."

"Ni? Lafiyata ƙalau! Awa guda kuka shanya mu a rana, ko dutse ne ai ya yi zafi."

"Gaskiyarki. Amma ko dutsen ne sai ya zauna a benci."

Ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ci ƙarfinta. Ta zauna tana hararsa. Ba abin da take gani a fuskarsa sai ido da gira, amma idon nan in ya yi murmushi har tsukewa yake. Da minti goma suka cika ya auna ta, ya ce ta wuce.

"Na gode, Mai Bindiga," in ji ta.

Sunan da ya bi shi ke nan.

Daga ranar Auta ta rasa sukuni. Yarinyar da sai an yi da gaske take fita cefane, ita ce yanzu ke manta sabulu yau, ta manta ashana gobe. In ta isa layi sai ta rufe lema, ta miƙa wa rana goshi, in layin ya yi gajarta ta murza goshin da tafin hannu har ya yi ɗumi. Na'ura ta yi ƙara, a nuna mata benci. Minti goma tana zaune, yana tsaye taku uku daga gare ta, yana auna mutane yana jefa mata magana.

Da yammacin wata Laraba saƙo ya shigo wayarta.

"Salamu alaikum. Mai Bindiga ne. Na ɗauki lambarki a littafin da masu shiga kanti ke rubuta suna. Na san ba daidai ba ne. In kin ce in goge, yanzu zan goge."

Ta karanta sau huɗu kafin ta ba da amsa.

"Ɓarawo. Kar ka goge."

"Na ga kina murza goshi ɗazu, Zazzaɓina."

"Ƙarya kake min."

"To, idona ne ya yi ƙarya. Ki zo gobe ya sake yi."

Wata biyu ana haka, sannan ta iya buɗe baki ta gaya wa Mama, Mama ta kai maganar gaban Baba. Shi Baba ciwon suga gare shi, likita kuma ya ja masa kunne cewa cutar nan ba ta yi wa irinsu da sauƙi. Tun da aka shiga kulle bai leƙa ƙofar gida ba. Ko ledar burodi sai an goge ta an ajiye a baranda kafin ta shigo falo.

"Mai tsaron ƙofar kanti?" Baba ya cire tabarau. "Mutumin da yake shaƙar numfashin gari kaf tun safe har yamma? Ga ɗan Goggonki Injiniya da ke sonki, a ɗaki yake aikinsa da kwamfuta, ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba. Kar in sake jin zancen nan."

Auta ta yi kukanta a kicin, ta share ido, washegari ta ce gishiri ya ƙare.

Ranar da abin ya faru ta tashi da nauyin kai da ɗacin baki. Ta ɗora laifin a kan rashin barci. Layi kuwa ya yi tsawo har ya karya kwana, mutane suna ta ƙorafi. Na'ura ta yi ƙara a goshinta kamar kullum. Mai Bindiga ya ƙifta mata ido.

"Yau ba benci, Zazzaɓina, jama'a sun yi yawa. Wuce kawai, na san aikinki ne."

Ita ma ta yi dariya ta wuce, alhali ranar ko taɓa goshinta ba ta yi ba. Ta koma gida ta zauna kusa da Baba, ta yanke masa farce, ta miƙa masa magani da ruwa da hannunta. Kafin la'asar tana rawar sanyi cikin bargo biyu. Bayan kwana biyu sakamakon gwaji ya fito, cutar annobar ce ta kama ta.

Aka killace ta a ɗakin baya. Abinci a bakin ƙofa, magana ta bayan ƙofa. Ciwon bai dame ta kamar kunnen da ta kasa wa ɗakin Baba ba. In ya yi gyaran murya sai ta zabura ta matsa jikin ƙofa. Ta kwanta, ta tashi, ta zagaya ɗakin, ta dawo ta ɗauki waya.

"Me ya sa ka bar ni na shiga? Na taɓa Baba. In wani abu ya same shi ba zan yafe mana ba."

"Na ɗauka wasanmu ne. Ba ni da bakin magana, Auta. Na gaya wa manaja, ya dakatar da ni sati biyu, an kuma kira duk waɗanda suka shiga kanti ranar. Gwajina ya fito ba komai. Gobe zan zo gidanku."

"Kar ka zo!"

Ya zo. Ta tagar ɗakin baya ta hango shi da ledoji biyu na cefane, ya ajiye a bakin get, ya ja baya har gindin falwaya, ya cire hula. Baba ya buɗe tagar falo kaɗan.

"Baba, ni ne mai awon zafi a kanti. Na'ura ta nuna min zazzaɓi a jikinta, ban zaunar da ita ba, ban sake aunawa ba. Da na yi aikina, da ba ta shigo muku da shi ba ta sani ba. Laifina ne ni kaɗai."

"Kai ne mai neman auren?"

"Ni ne, Baba."

"Ƙofar kanti ta gagare ka, za ka riƙe gida?"

Baba ya rufe taga. Saurayin ya daɗe a tsaye kafin ya juya. Washegari ga shi da cefane, jibi ma haka, ba ya cewa komai sai sallama. Injiniya ma ya yi nasa ƙoƙarin, kullum sai ya turo bidiyo uku a kan amfanin lemon tsami da sirace.

A kwana na shida Baba ya fara tari. Auta ta ji shi ta bango, ta ji Mama tana kiran likita. Ta ga ba za ta iya ci gaba da ɓoye abin da ta yi ba. Ta durƙusa a bayan ƙofa ta ƙwala kira.

"Baba! Don Allah ka tsaya daga nesa ka ji ni."

Ta ji takunsa ya tsaya a tsakiyar falo.

"Ba sakaci ya yi ba. Ni na koya masa. Wata biyu ina murza goshina da gangan don a zaunar da ni kusa da shi. Ranar ma ya ɗauka hakan na yi. Ya san wannan, amma bai faɗa maka ba don kar ka yi fushi da ni."

Can ta ji ya yi tari, ya ja takalminsa ya koma ɗaki.

Kwana biyun da aka yi ana jiran gwajin Baba sun fi duk kwanakin ciwonta tsawo. Da sakamako ya fito babu cutar, mura ce kawai ta fanka, Mama ta zauna a ƙasa tana hamdala. Auta ta warke ta fito, amma Baba bai kusance ta ba. In ta shigo falo sai ya nuna mata kujerar ƙarshe. Ba ta san ko tsoro ne ko fushi ba, kuma ta kasa tambaya.

Ran nan da safe ta ji Baba ya buɗe taga.

"Kai, mai cefane! Matso. A'a, tsaya nan, ya isa. Ta gaya min abin da ka ɓoye. Ka yi wauta, ita ma ta yi. Amma ka zo da ƙafarka ka ɗauki laifin mutum biyu, ka rufa mata asiri a gaban ubanta. Ka turo manyanka. Mutum biyu kawai, kuma a baranda za su zauna."

Minti ɗaya bai cika ba wayarta ta yi ƙara.

"Kin ji abin da na ji, ko kunnena ne?"

"Na ji, mijin Auta. Ka daina tsalle, maƙwabta suna kallonka."

An ɗaura aure da mutum goma sha biyar, iyakar abin da doka ta yarda, kowa da takunkuminsa, sauran dangi suna kallo ta waya suna ta cewa a gyara kyamara. Har Injiniya ya turo saƙon fatan alheri, da bidiyo ɗaya.

Da za a tafi da amarya ta je sallama. Ta durƙusa daga bakin ƙofar falo, inda ta saba tsayawa, hawaye suna jiƙa mata takunkumi.

"Baba, ka yafe min."

Baba ya miƙe. Ya tako ya wuce tebur, ya wuce kujerar ƙarshe, Mama tana cewa "Malam, a hankali," bai saurare ta ba. Ya ɗora tafinsa a kanta.

"Tun ranar na yafe miki, 'yar nan. Tsoro nake ji, ba fushi ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku lafiya da zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare. Tashi, mijinki yana jira."

Ta kasa tashi, shi ma bai ɗauke hannunsa ba.