Ranar da Metron Ta Durƙusa

A rumfar mai tuwon akple da ke bayan asibitinmu na garin Ho Elikem ya fara ganin Dzifa. Ta shigo da koren kayanta na nas, tana masifa wai an rage mata kifi. Ya tura mata nasa.

"Efo, na ce maka yunwa nake ji?" in ji ta. Efo a yarenmu kamar a ce Yaya ne.

"Ba ki ce ba. Tsoro nake kada ki cinye mai rumfar."

Ta harare shi, ta cinye kifin tas. Tun daga ranar, kullum sai ya baro ɗakin hoton ƙashi ya zo ganin Barkonona, sunan da ya laƙa mata ke nan.

Sai dai Elikem ɗan Metron Agbeko ne, shugabar nas-nas, wadda tuni ta zaɓa masa Sena, 'yar ƙawarta ta coci, ita ma nas ce a wajenmu. Da gurbin karatun ƙwarewa a agajin gaggawa ya fito, guda ɗaya tak, Dzifa ce ta ci jarrabawar shiga. Saura Metron ta amince mata da hutun karatu.

Har ƙasa Dzifa ta durƙusa a ofis, ƙofa a buɗe, duk muna ji.

"Ma, ki taimake ni."

"Ki rabu da ɗana in sake ki. 'Yar mai bandar kifi, ina ke ina ƙwarewa?"

Dzifa ta ƙi rabuwa da shi, aka ba Sena gurbin. Abin da ya ƙarasa ta, da idonta ta ga Sena a gaban motar Elikem sun nufi Accra. Saƙonsa ya shigo: "Barkonona, Mama ce ta cusa mini ita a mota, ban san ma gurbinki ta ɗauka ba. Ke kaɗai ce a raina."

Ta amsa: "Ka gaida fasinjarka. Uwarka kuma ka ce mata ta kula da gwiwoyinta."

Ta ajiye aiki, ta koma wani asibitin mishan a kan dutse, su suka tura ta karatun. Duk kwanan duniya Elikem sai ya aika mata saƙo. Ita kuwa ta karanta, ta share hawaye, ta ƙara riƙe littafi. Haushi ne ya yi mata karatun nan, ni shaida ce.

To, a aikinmu ba mai sabunta lasisi sai ya ƙaro horo, komai girmansa. Bana asibiti ya ce kowa sai ya ci gwajin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Muna zaune, Metron a kujerar gaba, malama ta shigo. Dzifa!

Ta shimfiɗa mutum-mutumin roba a kan siminti, ga tebur nan amma ta ƙi amfani da shi.

"Mutane a ƙasa suke faɗuwa," ta ce. "Ma, ke ce babba, ki fara mana."

Metron ta durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Ta danna ƙirjin roba irin na zamaninsu, a hankali kamar mai shafa mage.

"Bai kai ba, Ma. Sake. Miƙe gwiwar hannu. Sake. Wannan mara lafiyar ai ya riga ya mutu."

Gumi ya wanke Metron. A gaban ƙananan nas-nas Dzifa ta ce Metron ba ta ci gwajin ba, kuma gaskiya ne, ba ta ci ba ɗin. Amma daɗin da na gani a idon yarinyar nan, ba na gaskiya ba ne kaɗai.

Da yamma saƙon Elikem ya zo wa Dzifa: "Uwata ce fa. Kin huce, ko ni ma zan durƙusa?"

Nan ne hankalinta ya tashi, ta ga ta ci yaƙi za ta rasa miji. Ta rubuta: "Ban yi nadama ba, Efo. Amma ina sonka, ban taɓa dainawa ba."

Washegari sai ga Metron a ɗakin horo, ita kaɗai, da tsumman ɗora gwiwa a hannu.

"Ke mara kunya, koya mini. Sena ta gudu London da ƙwarewar da na ba ta, ke kuma kin dawo kin kayar da ni. Na ga wadda ke zama."

Sai da Metron ta wahala tukuna ta ci. Daga nan ta amince da auren.

Ranar ɗaurin aure, dangin Elikem suka jera kwalaben abin sha da atamfofi na kayan aure a gidan su Dzifa a bakin tafki. Mahaifinta ya tambaye ta kamar yadda ake yi, "'Yata, mu karɓa?"

Shiru. Ya sake tambaya, shiru, idonta na kan Metron. Elikem ya fara jiƙa riga da gumi.

Metron ta miƙe a gaban jama'a, ta nufi mahaifiyar Dzifa, ta kama hannunta mai ƙanshin hayaƙin kifi.

"Na raina sana'arki, na zalunci 'yarki. Ki yafe mini."

Sai a lokacin Dzifa ta dubi Elikem ta yi murmushi.

"Papa, ku karɓa."

Guɗa ta tashi, aka buga ganguna. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ba Elikem haƙurin zama tsakanin matan nan biyu.