Ranar da Damisa Ta Yi Tari

Da Dona Zulmira Bertoldi ta dawo daga shan kofi da safiyar Lahadi, babu abin da ta tarar a gurbin motarta sai shatin taya a kan siminti. Damisa, kamar yadda ake kiran motar, ta tafi. Maverick ce ƙirar saba'in da huɗu, ruwan lemo, mai silinda takwas, wadda marigayi mijinta Aldo ya bar mata. Tun rasuwarsa ita da kanta take tsere da ita duk shekara a taron tsofaffin motoci na garin Lages.

Ba wanda ya ji komai, kuma ba abin mamaki ba ne. A tsohon filin jirgin da ake taron, da gari ya waye kowa injinsa yake ɗumamawa, ko maganar bakinka ba ka ji. Makullai kuwa a jikin motoci ake barinsu cikin rumfa, wai mu duka 'yan'uwa ne.

Ivonete Kuster, 'yar sandan farin kaya, ta iso tana murza hannuwa, raɓa ta daskare fara fat a kan ciyawa. Mace ce da ba ta iya tsayawa wuri ɗaya, ko tambaya take yi tana zagaye mutum. Ta tarar har an gama shari'a. Dirceu, bakaniken Damisa, yana zaune a kan tsohuwar taya da ankwa a hannu.

"Wa ya ce a ɗaure shi?" in ji Ivonete.

"Ni na gan shi da idona, 'yata," in ji Seu Olavo Pessanha, shugaban ƙungiyar masu motocin, mai gonakin tuffa. Ya ja hular ulu har kan gira saboda sanyi. "Ya fita da ita ta ƙofar baya. Na zaci gwaji zai yi."

Dirceu ya taɓa zaman gidan yari saboda farfasa motocin sata, kuma bisa sharaɗi aka sake shi. Idan wannan magana ta kai ofis, komawa zai yi. Ogan Ivonete ya riga ya bugo waya sau biyu, yana cewa ta kawo mutumin ta daina ɓata mai. Da an gama tseren rana kuma, kowa zai loda motarsa a tirela ya kama hanya, shi ke nan Damisa sai labari.

"Ina kake lokacin da aka ɗauke ta?" ta tambayi Dirceu.

"Bayan fili, wajen shinge. Nan ne kawai waya take kamawa. 'Yata nake kira."

"Ta ɗauka?"

"Ba ta ɗauka ba. Ba kullum take ɗauka ba." Ya sunkuyar da kai. "Na yi mata alkawari ba zan koma ba."

Ivonete ta juya ga mai motar. "Dona Zulmira, kin yarda da shi?"

Matar ta buɗe baki, ta rufe. Dirceu ya ga wannan shirun, kuma ya fi ankwar yi masa ciwo.

Ivonete ta shiga rumfa ta durƙusa a gurbin motar. Ta tsinci notin da ake ɗaure murfin matatar iska da shi. Can jikin bango akwai robar lemo da guntun fetur a ciki, da wani tsumma da ya ƙone rabi. A daidai inda inji ya kwana kuma, wani abu ya ɗiga. Ta dangwala ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ƙamshin ya tuna mata da motar babanta, wadda suka sha turawa kowace safiyar hunturu kafin su tafi makaranta.

Ta nufi wajen Nereu Zanella, mai baƙar mota ƙirar Opala, wanda Damisa take kayarwa shekara da shekaru. Yana zuƙar shayinsa mai ɗaci a ƙoƙo, yana gasa pinhão, 'ya'yan wata itaciya da ake ci kamar gyaɗa, a kan garwashi.

"Seu Nereu, an ce ka rantse bana ba za ka ga bayan Damisa ba."

"Na rantse mana! Sabon kabureta na saya, matata har yau ba ta yi min magana. In sace ta, in kayar da wa? Iska?"

"Da safe ina kake?"

"Ƙarƙashin wannan tsohuwar motar tawa. Tambayi mutanen nan, su suka riƙe min fitila suna zagina."

Mutum biyar suka shaida, har da zagin. Ivonete ta dubi fuskarsa da kyau. Girarsa tana nan cunkus kamar buroshin wanke taya.

Wayarta ta sake ƙara, ta kashe. Daga lasifika aka fara kiran motoci su hau layi. Ta ja Dirceu gefe.

"Me Damisa take sha?"

"Mai."

"Kada ka raina min hankali. Wane mai?"

"Ranki ya daɗe, na yi wa marigayi rantsuwa. Ki kai ni kawai."

"Kai wawa ne?"

"An sha faɗa."

Sai ta koma kan Dona Zulmira, ta rage murya. "Abin da ya ɗiga a ƙasa ba fetur ba ne, barasar rake ce. Dokar ƙungiyarku ta ce motar da aka sauya wa inji daga yadda kamfani ya yi shi ba ta shiga tsere, na sani. Mutumin nan ya zaɓi kurkuku a kan ya tona mijinki. Ke me kika zaɓa?"

Dona Zulmira ta dubi Dirceu, idonta ya ciko. Kofunan Aldo ne cike da falonta, kullum sai ta goge su. Ta ja numfashi, ta yi magana yadda duk rumfar za ta ji.

"Aldo ya mai da ita mai shan barasa tun kafin mu yi aure. In ana sanyi ba ta tashi, sai an danna wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari ya fesa mata ɗan fetur. Ni da Dirceu kaɗai muka san da shi."

Rumfa ta kaure. Nereu ya dafe kai yana cewa ashe shekara talatin mashayiya ce take kayar da shi.

Ivonete ba ta jira sun lafa ba. Rana ta ɗaga, kowa ya tuɓe rigar sanyi, amma Seu Olavo yana nan da hularsa, gumi na tsatsafo masa. Wani siririn baƙin layi ya gangaro daga ƙarƙashin hular zuwa kuncinsa.

"Seu Olavo, ba ka jin zafi?"

"Mura nake yi."

"Cire hular, Allah ya ba ka lafiya."

"Yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Da mutumin da jagirarsa take narkewa."

Nereu ne ya fizge hular, don ya daɗe yana neman dalili. Girar hagu babu ko gashi ɗaya, an zana ta ne da jagirar mata, kuma wanda ya zana bai iya ba. Gashin goshin ma ya babbake.

"Dirceu ya san maɓallin," in ji Ivonete, tana zagaye Seu Olavo. "Da shi ne, dannawa ɗaya ya tafi, ba zai buɗe bonet ba. Wanda ya ɗauke ta ya san inji amma bai san Damisa ba. Ya murza makulli ta ƙi, sai ya kwance matatar iska ya zuba fetur a bakin kabureta. Ta kama tana shaƙewa. Ya leƙa zai ƙara mata, ta yi tari, ta watso masa wuta a fuska. Ya kashe wutar da tsumma, ya ja motar, ya manta noti. Da na ga tsumman, gira kawai nake bi ina dubawa, kuma taka ce kaɗai ban gani ba. Sannan cikin mutanen nan duka, kai kaɗai ka ga Dirceu. Buɗe tirelarka."

Damisa tana ciki, an lulluɓe ta da bargo. Seu Olavo ya dafa ƙofar tirelar.

"Ceton ta na yi. Na yi tayi, na ƙara, ta ƙi sayarwa. Mota irin wannan, kamar yau ta fito daga kamfani, a ce tsohuwa tana ƙona mata taya! Ɗaki na gina mata na gilashi."

"Kai kake duba ta duk shekara ka ce ba a taɓa ta ba," in ji Dona Zulmira. "Ko shinshina ta ba ka taɓa yi ba. Kuma don ɗakin gilashi za ka mai da ɗan mutane kurkuku."

Aka kwance ankwa daga hannun Dirceu aka mayar hannun shugaba. Ƙungiya ta ce doka doka ce, sunan Damisa ya fita daga tsere, kofunan Aldo kuma za a zauna a kansu. Nereu ya ce su je su yi ta zama, shi dai ba zai koma gida ba sai ya gwada kaburetansa, ko da kofi ko babu.

Dona Zulmira ta ɗauko hular kwanon mijinta, wadda ba ta taɓa bari kowa ya saka ba. Ta tsaya gaban Dirceu.

"An tambaye ni ɗazu, na yi shiru. Ka yafe min."

"Ba komai, Dona."

"Akwai komai. Ungo."

Ya karɓa da hannu biyu, har yanzu shatin ƙarfe na wuyan hannunsa. Kafin ya saka, ya miƙa wa Ivonete wayarsa.

"In 'yata ta kira, ki ɗauka, ranki ya daɗe. Ni ba lallai ta yarda da maganata ba."

Ya shiga, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya danna, Damisa ta tashi bugu ɗaya. Motocin biyu suna kan layi, hayaƙin taya ya turnuƙe, sai wayar ta fara ƙara a hannun Ivonete. Ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta ɗauka.

"A'a, lafiya lau yake," ta ce da ƙarfi. "Tsaya ki ji, ga shi nan zai wuce."

Ta ɗaga wayar sama.