Sunan da Lesieli Ta Rubuta a Bango

Sati uku Lesieli ta yi tana fama da ɗan ɗakin nan, ga tsohon ciki wata takwas. Ta shafe bangon da fenti ruwan ƙwai, ta bi shi da ƙaramin buroshi tana zana furannin heilala irin na gidansu can ƙasar Tonga, har bayanta ya riƙe. Labulen ma daga rigar cocin mahaifiyarta ta yanko shi. A saman gadon jaririyar kuwa ta rubuta SEINI da manyan baƙaƙe, sunan mahaifiyar tata da aka binne bara.

Ranar Lahadi da aka taso daga coci, Kalolaine, yayar mijinta Manase, ta biyo ta gidansu da ke garin Logan na ƙasar Ostareliya da kwanon dafaffen rogo. Ta leƙa ɗakin. Ba ta kalli fure ko ɗaya ba.

"Wa ya raɗa wannan?"

"Sunan mahaifiyata ne, Yaya Kalo."

"Na iya karatu. Cewa na yi wa ya raɗa. Ko mutuwa na yi ban sani ba?"

Kowa a cikinmu 'yan Tonga ya san gwaggo ce ke ba ɗan ƙaninta suna, kuma namiji ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya ko da gemunsa ya yi fari. Lesieli ma ta sani sarai, kewar uwa ce ta rufe mata ido. Ta waiwayi mijinta. Ƙaton mutumin nan mai sauke kwantena a tashar jirgin ruwa yana tsaye a bakin ƙofa, yana ƙirga yatsun ƙafarsa.

"Kafin Asabar a goge," in ji Kalolaine. Ta dire kwanon, ta fice.

Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba Lesieli ta taso masa.

"Bakinka ɗinke shi aka yi? A gabanka ta ce in goge uwata, kana tsaye kamar turmi!"

"Lesi, da kin tambaye ta tun farko—"

"In tambaye ta? Ita ke amai da safe? Ita ƙafarta ta kumbura? Uwata ba za ta taɓa ɗaukar yarinyar nan ba, Manase. Sunan kaɗai ya rage min, shi ma ka zuba ido."

"Ba zan iya yi wa Yaya musu ba. Kin sani."

"Na sani yau. Na auri ƙanin Kalolaine, ban auri miji ba."

Maganar ta soke shi. Ya ɗauko gwangwanin fenti zai goge sunan da kansa, ta fizge.

"Kar ka taɓa. Hannun da ya rubuta shi zai goge."

Ta hau kujera da cikin nan, tana shafawa tana kuka, kukan baƙin ciki da haushi. Sau uku ta bi kafin baƙaƙen su ɓace. Daga ranar ta daina yi masa magana sai dole. Tana zuba masa abinci, tana goge masa kayan aiki, amma in ya miƙo hannu zai taɓa cikin sai ta juya baya. Ƙawayenta suka ce, "Ke, nan Ostareliya ce. Ke za ki cike takardar haihuwa, ki rubuta abin da kike so, a mutu." Sau biyu ta kusa yarda. Abin da ya tsayar da ita ɗaya ne: ba ta so 'yarta ta tashi da sunan da dangin ubanta za su riƙa kira da ɗacin baki.

Ta haihu ranar wata Talata. Kwana uku yarinya ba suna. Da aka sallamo su daga asibiti, Kalolaine ta zo, ta wuce ɗakin kai tsaye, ta daɗe tana kallon wurin da aka shafe.

"Ba ni buroshi."

Lesieli ta miƙa mata, haƙoranta a cije. Kalolaine ta tuɓe takalmi, ta hau kujera.

"Mijin nan naki ya hana ni sakat," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Asabar huɗu yana zuwa da doya, tabarma ɗaure a ƙugu yadda muke yi a gida don girmamawa, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofata kamar wanda ya zo neman gafara. Bai taɓa roƙona ko allura ba, sai a kan sunan nan. Maƙwabta har sun ɗauka kisa ya yi."

Lesieli ta dubi Manase. Ashe ba aikin ƙarin lokaci yake zuwa ran Asabar ba, yadda ta ɗauka. Kunya ta kama ta har wuya.

Hannun Kalolaine bai san fenti ba. Baƙaƙen suka fito a karkace, na farkon har yana ɗiga. SEINI.

"Ni na ba ta sunan," ta ce tana saukowa. "Ba bango ba. Ki riƙe wannan."

Da Lesieli ta bi zuciya, da ta samu sunan ta rasa dangin. Ta danne, ta samu duka biyun. Kuma ba kowane miji mai shiru ne ya bar matarsa ita kaɗai ba.

Da baƙuwar ta tafi, Manase ya ce a hankali, "In gyara miki rubutun? Ya karkace."

"Ka taɓa ka gani," in ji Lesieli. Ta ɗora masa Seini a hannu.