'Yar Ƙas

Ranar da ta fara shiga ɗakin tausa na asibitin, ko sallama ba ta iya yi da kyau ba. Ta zauna a bakin gado, hannunta dafe da kunci.

"Buɗe baki in gani," in ji mai tausar, wani matashi mai sanyin murya.

Ta buɗe. Ƙas! Muƙamuƙin ya tsaya cak, ko yatsa biyu ba za su shiga ba. Sai hawaye.

Aikinta amsa wayar kwastomomi ne a wani kamfani. Yini guda ana zazzaga mata masifa, tana cije haƙora tana cewa a yi haƙuri. Har a barci cizon take yi, shi ya ƙulle mata gaɓar da ke gaban kunne.

Ya ɗora yatsunsa a wurin yana murzawa a hankali. Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Ƙas. Tun tana hararsa har ta fara yi masa murmushi, rabi dai, don iyakar abin da bakin ke iyawa ke nan.

Da maganar soyayya ta yi nisa tsakaninsu, ya kai ta gaishe da mahaifiyarsa. Nan komai ya lalace.

"Yarinyar da ta gaishe ni haƙora a datse?" in ji Mama bayan ta tafi. "Naman da na dafa ko taɓawa ba ta yi ba. Raini ne. Ba da yawuna ba."

Shi ma mahaifinta da ya ji mai neman auren shi ne mai taɓa mata fuska, ya murtuke. "Magani daban, neman aure daban. Kada ya sake taɓa ki."

Ta daina zuwa tausar. Ciwon ya dawo har ya fi na da, kamfani ya sallame ta, abinci ya koma shayi da ƙaramin cokali. Ta rame, abin tausayi. Ta tura masa saƙo:

"Ka haƙura da ni. Aiki ya tafi, baki ya rufe, Mama ba ta so na. Me za ka yi da matar da ba ta iya dariya?"

Ya amsa: "'Yar Ƙas, rabin murmushinki ya ishe ni. Ciwon ne ba zan bar ki da shi ba."

Ya je ya durƙusa gaban Mama. "Yau ba aure nake roƙo ba. An hana hannuna, ki ara mini naki."

Mama ta bi shi gidansu yarinyar tana mita. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yarinyar, bai shiga ba.

"Gaban kunne, Mama. Danna a hankali, ki zagaya."

Yatsun Mama suka ci karo da wani ƙulli mai tauri kamar dutse. Ta tsaya.

"Da wannan kika zo gaishe ni? Me ya hana ki faɗa?"

"Kunya na ji, Mama."

Mama ta goge ido da bakin mayafi, ta ci gaba da murzawa. Kullum da safe sai ta dawo, har mahaifin yarinyar ya gaji da amsa mata sallama, ya ce su turo manya.

Aikin bai dawo ba, ciwon ma bai tafi duka ba. Amma ranar ɗaurin aure Mama ta yayyanka nama ƙanana, ta sa wa amarya a baki da hannunta.

"Ci, 'yata. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Amarya ta tauna, ta haɗiye, ta yi dariya da dukkan bakinta.

Ƙas!

Ango ya ce amin.