Bangon Daddara

"Ya sake hwaɗuwa, Rabi'a."

"Bangon?"

"Bangon. Karo na biyu ke nan... ko dai danginki ba su son ɗan Maraɗi?"

Rabi'a ta dubi saurayin nata. Bubakar ɗan dako ne a bakin iyakar Jibiya. Yini yake yana sauke buhunan siminti daga manyan motoci, siminti da ko a mafarki bai isa ya saya ba. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa sai bulo da kwano, shi kuwa da tubali ya fara gina musu ɗaki a gonar da ta gada daga mahaifiyarta a Daddara. Babanta, Malam Kalilu, tsohon magini, sharaɗi ɗaya ya gindaya: ranar da aka rufe ɗaki da azara, ranar za a sa biki. In damina ta riga su, sai baɗi.

"Kada ka zargi kowa, masoyina," ta ce. Amma zuciyarta ta cika da tsoro.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ta bi ta gonar don ta ga sabon ginin. Sai ta tsaya cak. Babanta ne, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa yana tura bangon har ya zube.

Kanta ya ɗaure. Mutumin da ya karɓi goron da hannunsa? Mutumin da ya sa musu albarka? Ta yi kuka don Bubakar, ko ta yi kuka don uban da ya raine ta shi kaɗai? Ƙafafunta ne suka kai ta gabansa, ta durƙusa.

"Baba... in ba ka son auren ga, ka hwaɗa mini."

Tsohon bai yi ko gezau ba. Ya ɗauki tubali ɗaya ya murza, ya zama gari a tafinsa.

"Dubi nan, ɗiyata. Rairayi ne, ko ciyawa bai sa ba. Sahu ukku yake ɗorawa rana guda, bai bari na ƙasa ya sha iska. Ruwan hwari zai rufto da shi, kina ciki."

"To mi ya hana ka gaya mishi?"

"Ina nike ganinshi? Da ya hango ni sai ya saki hanya ya shige daji, wai kunyar suruki. Ni ma ba ni aika mishi in ce bai iya ba." Ya kakkaɓe hannu. "Shekara arba'in ina gini. Tun da siminti ya zo, ba wanda ya sake tambayata komi."

Nan tausayinsa ya kama ta har ta manta da haushin. Wato maza biyu, kowanne yana sonta, kunya ta hana su haɗa ido, ita ce za ta tsufa a gida!

Da la'asar ta tare Bubakar a gindin bishiyar bedi a tasha.

"Gobe ka tahi wurin Baba."

"Ni? In kalle shi in ce mi?"

"Ka zaɓa, abin ƙaunata. Kunya ko ni."

Washegari Bubakar ya zo wurin tsohon, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kansa a ƙasa, gumi na tsiyaya.

"Baba... ka koya mini."

Malam Kalilu ya dube shi. Rabi'a na leƙensu daga bayan dannin kara.

"Tashi ka ɗebo jar ƙasa bakin gulbi," ya ce. "Ni zan taka."

Kwana arba'in suka yi, sahu ɗaya kullum. Ranar da aka kai amarya hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Ko ɗigo bai shiga ɗakin ba.